Tarihin John Snow, likitan da ya tsara aikin sa barci kafin tiyata

An haifi John Snow ranar 15 ga watan Maris na shekarar 1813 a birnin York na Ingila. Mahaifinsa lebura ne.

Yana ɗan shekara 14 aka kai shi koyon aikin likita a Newcastle, daga bisani ya koma London, inda ya samu digirin likita a 1844.

A ƙarshen 1846 ne labari ya iso Ingila daga Amurka cewa ana iya shaƙa wa majiyyaci wani sinadari ya yi barci, a yi masa tiyata bai ji zafi ba. Shekara guda bayan haka aka soma amfani da kulorofom, wanda akan ɗiga a ƙyalle a kara wa mutum a hanci.

A watan Janairun 1848 wata yarinya 'yar shekara 15 ta mutu a kusa da Newcastle, bayan an shaƙa mata kulorofom domin a cire mata farcen ƙafa.

Dokta Snow ya bi diddigin irin waɗannan mace-mace, ya kuma danganta su da yawan sinadarin da ake shaƙa wa mutum ba tare da awo ba. Ya kuma ƙera na'urar daidaita yawansa.

A littafinsa na 1858 ya yi nazarin mutuwar mutane 50, tare da bayanin abubuwan da ya kamata likita ya duba tun kafin aiki: shekarun majiyyaci, da ƙarfin jikinsa, da lafiyar zuciya da huhu, da juna biyu, da farfaɗiya. Ya kuma ja kunne game da cika ciki da abinci gab da tiyata, saboda amai.

Shi ne ya shaƙa wa Sarauniya Victoria kulorofom lokacin haihuwa a 1853 da 1857. Haka kuma a 1854 ya gano cewa ruwan wani famfo ne ke yaɗa kwalara a unguwar Soho ta London.

Ya mutu ranar 16 ga watan Yunin 1858 sakamakon shanyewar jiki, yana da shekara 45.

An daina amfani da kulorofom a asibitoci, amma duba majiyyaci kafin a sa shi barci ya zama ƙa'ida. A 1941 ƙungiyar likitocin sa barci ta Amurka ta fito da ma'aunin rarraba majiyyata gwargwadon lafiyar jikinsu, wanda aka yi wa gyare-gyare ake kuma aiki da shi har yanzu.