Imamu Sahnunu, Alƙalin Da Bai Karɓi Albashi Ba

Sunansa Abdussalami ɗan Sa'idu, amma an fi saninsa da laƙabin Sahnunu. An haife shi a shekara ta 160 bayan Hijira, ya tashi a Ƙairawan, cikin ƙasar Tunisiya ta yau. Ya yi karatu a wajen Aliyu ɗan Ziyadu a birnin Tunis. Ya so ƙwarai ya riski Imamu Malik a Madina, amma rashin guzuri ya hana shi, har Malik ya rasu a shekara ta 179. Daga baya ya tafi Masar wajen Ibnul Ƙasim, babban almajirin Malik. Amsoshin da ya samo a can su ne suka zama Mudawwana, littafin da malamanmu na Malikiyya suke komawa gare shi har gobe.

Yana da shekara 74 sarkin ƙasar ya nemi ya zama alƙali. Kusan shekara guda yana ƙi, don tsoron haƙƙin mutane. Da ya amsa ma sai da sharaɗi: hukuncinsa zai hau kan dangin sarki da fadawansa kamar kowa. Albashi kuwa bai karɓa ba.

Ran da aka naɗa shi, wajen 'yarsa Khadija ya nufa, ya shaida mata cewa yau an yanka mahaifinta ba da wuƙa ba. Ita Khadijar malama ce da mata ke zuwa neman fatawa a wajenta. 'Yan uwa, dubi irin matsayin da ilimi ya ba 'ya mace a gidan mahaifinta.

Ya rasu a shekara ta 240 yana kan kujerar shari'a. Allah Ya jiƙansa da rahama, amin.