J.R.R. Tolkien, Malamin da Ya Ƙago Harsuna Kafin Ya Ƙago Labari

An haifi John Ronald Reuel Tolkien ran 3 ga Janairu 1892 a Bloemfontein, cikin ƙasar Afirka ta Kudu ta yanzu, inda mahaifinsa yake aikin banki. Uban ya rasu a 1896, sai uwar, Mabel, ta zauna da 'ya'yanta maza biyu kusa da Birmingham a Ingila. A 1900 ta shiga ikkilisiyar Katolika, dangi suka husata, suka janye taimakon da suke ba ta. Ciwon sukari ya ɗauke ta a 1904, Ronald yana da shekara 12. Har tsufansa yana gani wahalar da ta sha saboda bangaskiyarta ce ta gaggauta mutuwarta. Wani fada mai suna Francis Morgan shi ya riƙe marayun.

Tun yana yaro harshe ya kama zuciyarsa. Sunayen garuruwan Wales da ya riƙa gani a jikin taragun kwal sun burge shi tun bai san ma'anarsu ba. Daga baya ya sadu da harshen Finlan da waƙar gargajiyarsu, Kalevala. Daga nan ya shiga ƙago nasa harsuna, da nahawunsu da tarihin sauyawar kalmominsu: Quenya ya ɗauki launin harshen Finlan da Latin, Sindarin kuwa na Wales. Amma ya lura harshe ba ya tsayuwa sai da al'ummar da za ta yi magana da shi, ta yi waƙa, ta binne matattunta. Don haka ya ƙago mutanen da ƙasarsu. Yawancin marubuta labari suke farawa da shi. Shi kam harshe ne ya haifi labarin.

Ya auri Edith Bratt a 1916, a shekarar kuma ya shiga yaƙin Somme a Faransa, inda aminansa biyu suka mutu. Zazzaɓi ya komo da shi gida, yana jiyya yana rubuta tatsuniyoyinsa na fari. A 1925 ya zama farfesan tsohon Turanci a Oxford. Laccarsa ta 1936 a kan Beowulf ta sa masana suka koma karanta wannan tsohuwar waƙa a matsayin adabi, ba taskar tarihi kaɗai ba. The Hobbit ya fito a 1937, The Lord of the Rings kuma a 1954 da 1955.

Manazarta irin su Tom Shippey sun bi sawun inda ya ɗebo kayansa. Sunan Gandalf da na wadannin The Hobbit daga tsofaffin waƙoƙin Edda na Aislan suke. Sunan Earendil kuwa daga wata tsohuwar waƙar Turanci ta zuwan Almasihu ya samo asali. Mai karatu ba zai sami majami'a ko wa'azi cikin littattafan nan ba, gama Tolkien ba ya son labarin da yake tilasta wa mutum darasi. Duk da haka, ƙanana da raunana ne suke ɗaukar kaya mafi nauyi, jinƙan da aka nuna wa mugu shi ne ya kawo ceto a ƙarshe, an kuma hallaka zoben ran 25 ga Maris, ranar da al'adar ikkilisiya ta dā ta ɗauka ta gicciyen Yesu. A ganina wannan ba katari ba ne.

A Satumba 1931 shi da Hugo Dyson suka raba dare suna hira da abokinsu C.S. Lewis, suna nuna masa cewa Bishara labari ce da ta auku da gaske cikin tarihi. Ba a jima ba Lewis ya ba da gaskiya ga Almasihu. Tolkien ya kuma sa hannu a fassarar littafin Yunusa cikin Jerusalem Bible ta 1966.

Ya rasu ran 2 ga Satumba 1973 yana da shekara 81, bai gama The Silmarillion ba, aikin da ya shafe fiye da shekara 50 a kai. Ɗansa Christopher ya harhaɗa takardun, ya buga littafin a 1977. Kabari ɗaya suke da Edith a Oxford, an rubuta Lúthien ƙarƙashin sunanta, Beren ƙarƙashin nasa, wato masoya biyu na cikin tatsuniyarsa.