Tarihin Bishop Ajayi Crowther, Bawan da Ya Shugabanci Coci

Duk wanda ya daɗe da zama a ƙasar Yarabawa ko Lakwaja ya taɓa jin sunan Crowther, ko a jikin makaranta ko a bakin maƙwabci. A garin Oyo ma akwai jami'a mai sunansa. To, wane ne shi?

An haifi Ajayi wajen shekarar 1809 a Osogun, cikin Jihar Oyo ta yau. A 1821 mahara suka kama shi, aka yi ta sayar da shi hannu zuwa hannu har ya faɗa jirgin 'yan Fotugal a Ikko. A 1822 sojan ruwan Ingila suka tare jirgin, suka sauke bayin a Saliyo. Can ya shiga addinin Kirista a 1825, ya ɗauki sunan Samuel Crowther, ya kuma zama cikin ɗaliban farko na makarantar Fourah Bay. A 1841 ya biyo ayarin Turawa zuwa kogin Kwara tare da Schön, Bajamushen nan da ya yi wa Hausa aikin ƙamus da nahawu. An naɗa shi limamin coci a Landan a 1843, kuma da ya zo Abekuta a 1846 sai ga shi ga mahaifiyarsa, bayan rabuwar shekara ashirin da biyar.

Sakataren ƙungiyar mishan ta CMS a lokacin, Henry Venn, yana da ra'ayin cewa cocin kowace ƙasa ya kamata ya riƙe kansa da kuɗinsa, ya mulki kansa, ya yaɗa kansa, Bature ya naɗe tabarmarsa ya yi gaba. Da wannan ra'ayi aka naɗa Crowther bishop a Canterbury ran 29 ga Yuni 1864, baƙar fata na farko a ɗarikar Angilika. Amma fa rawanin da saura. Turawan mishan irin su Henry Townsend na Abekuta ba su yarda su zauna ƙarƙashin baƙi ba, sai aka bar su a hannun bishop na Saliyo, shi kuwa aka ba shi bakin Kwara. Kuɗin aikin kuma daga Landan yake fitowa. Kowa ya san mai riƙe da lalita shi ke da magana.

Da sarakunan Musulmi ya yi zaman mutunci. Ya sha zuwa Bidda wajen Etsu Masaba, ya kuma rubuta littafin nahawun Nufanci. A shekarun 1880 Etsu Maliki ya aika masa takarda yana roƙon ya kai kuka ga Sarauniyar Ingila a hana shigo da barasa ƙasar Nufe. Sarki Musulmi ya nemi bishop ya zama ɗan aikensa, ka ji irin yardar da ke tsakani.

Kada mai karatu ya ɗauka a kan komai yake jayayya da Turawa. A kan auren mace fiye da ɗaya bakinsu ɗaya ne. Taron bishop-bishop na Lambeth na 1888, wanda ya halarta, ya yanke cewa ba za a yi wa mai mata da yawa baftisma ba, shi ma haka yake gani. Sai a taron 1988 aka sassauta wannan hukunci, shekara ɗari cif.

Bayan rasuwar Venn a 1873 iska ta juya. Wasu samarin Turawa, cikinsu har da Graham Wilmot Brooke da J. A. Robinson da suka zauna Lakwaja suna sa riga da rawani irin na Hausawa, suka tasa ma'aikatan Crowther a gaba da zargin lalaci da kasuwanci. Wasu laifuffukan gaskiya ne, don tsohon yana da sanyin hali wajen horo. Amma yadda aka yi abin akwai cin fuska. A taron kwamitin kuɗi a Anacha cikin Agusta 1890, sakataren kwamitin, F. N. Eden, ya dakatar da limaman da bishop ya naɗa da hannunsa, har da ɗansa Dandeson, a gaban idonsa. Mutumin da ya haura tamanin, yaran da ya yi jika da su suka nuna masa iyakarsa. Ya ajiye kujerar kwamitin, ciwon shanyewar jiki ya kama shi, ya rasu a Ikko ran 31 ga Disamba 1891.

Abin bai kwanta ba. Cocin yankin Bonny suka tsaya da ƙafarsu a 1892 ƙarƙashin Dandeson, suna biyan limamansu da kansu ba tare da sun fita daga ɗarikar ba. Wasu kuwa a Ikko ficewa suka yi ɗungum, suka kafa cocin Afirka a 1901. Kujerar Crowther Bature aka ba wa, baƙi suka koma mataimaka, kuma sai a shekarun 1950 ɗan ƙasa ya sake riƙe yanki nasa na kansa. Cocin Angilika na Nijeriya ya sami cin gashin kai a 1979, da Timothy Olufosoye a matsayin babban bishop na farko. A 2014, wajen bikin cika shekara 150 da naɗin, Justin Welby, babban bishop na Canterbury a lokacin, ya fito fili ya nemi gafara kan wulakancin da aka yi wa tsohon. Kabarinsa yana harabar babban cocin Marina a Ikko, inda aka mai da shi a 1976 daga maƙabartar Ajele.