Taƙaitaccen Tarihin Jay Miner (1932-1994), Maƙerin Na'urorin Gem

'Yan uwana ɗalibai, da yawanmu mun san gidan gem, ko a nan Potiskum ko a wani gari, amma ba kasafai muke tambayar waɗanda suka ƙera na'urorin ba. Shi ya sa na ga ya dace in kawo mana tarihin ɗaya daga cikinsu.

An haifi Jay Miner ranar 31 ga Mayu, 1932, a garin Prescott na jihar Arizona ta Amurka. Ya fara koyon aikin lantarki ne a rundunar tsaron gaɓar teku, sannan ya yi digiri a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley. Sana'arsa ita ce zana 'yan ƙwayoyin lantarkin nan da masu gyaran waya ke kira aisi.

A kamfanin Atari ya jagoranci zana aisin TIA, mai fitar da hoto da sauti a na'urar Atari 2600 ta shekarar 1977. Ma'adanar wannan na'ura bayit 128 ce kacal, ba ta iya riƙe cikakken hoto. Saboda haka layi-layi ake zana hoton, daidai lokacin da talabijin ke haska shi. Da wannan dabara farashi ya sauko, gem ya shiga miliyoyin gidaje.

Bayan ya bar Atari ya yi aikin zana aisin na'urar daidaita bugun zuciya. A 1982 suka kafa kamfanin da ya zama Amiga, wanda Commodore ya saye a 1984. Shekara guda bayan nan Amiga 1000 ta fito da aisi uku, wato Agnus da Denise da Paula, masu rage wa ƙwaƙwalwar na'urar, Motorola 68000, nauyin hoto da sauti. Irin wannan ƙwaƙwalwa ce a cikin Sega Mega Drive. A cikin murfin kwamfutar akwai sa hannun ma'aikatan, har da sawun karyarsa Mitchy.

Miner ya daɗe yana fama da ciwon ƙoda. Ya rasu ranar 20 ga Yuni, 1994, yana da shekara 62, wata biyu bayan karyewar Commodore. Da aka daina ƙera aisin, sai ya zama duk wanda ya ƙone ba shi da madadi.

Mafita ta zo daga wani injiniya ɗan ƙasar Holan, Dennis van Weeren. A 2005 ya fara rubuta bayanin yadda kowane aisin Amiga ke aiki, ya ɗora shi a kan FPGA, wato aisin da ake iya sake tsara cikinsa ya zama wani. Ya kira aikin Minimig, kuma a 2007 ya saki rubutun kyauta, kowa ya karanta, ya gyara, ya ƙara. Shirin MiSTer da aka fara a 2017 ya bi wannan hanya, ya raya Amiga da Atari da Sega.

A ganina wannan ya shafe mu kai tsaye. Kamfani ya mutu, ƙarfe ya lalace, amma aikin Miner ya tsira domin an mayar da shi rubutu an raba wa jama'a. Haka magabatanmu suka riƙa kwafar littattafan ajami hannu da hannu har suka iso gare mu. Waɗanda har yanzu ke cikin gafaka da akwatunan gidajenmu, gara ba za ta jira mu ba.