Alhassan Ɗantata: Maraya Daga Bebeji Da Ya Fara Da Asusu

A filinmu na tarihin magabata na wannan makon, mun zaɓo mutumin da ba wanda bai taɓa jin sunansa ba, amma kaɗan ne a cikinmu suka san yadda ya fara. Dalilin zaɓen shi ne, duk lokacin da aka zauna hirar abin da za a yi bayan kammala makaranta, sai ka ji wasunmu na cewa burinsu su shiga Kantin Kwari, su riƙa shigo da shadda da atamfa da leshi daga Dubai ko Chana. Da an tambaye su jari, sai hirar ta mutu. To ga labarin wani da ya yi irin wannan sana'a fiye da shekara ɗari da suka wuce, kuma ba daga nesa ya fito ba. Daga nan Karaye da Rogo, ƙasar Kiru ce kawai ta raba mu da garinsu.

An haifi Alhassan a Bebeji a shekarar 1877, a gidan Agalawa, mutanen da suka yi suna wajen fataucin goro. Mahaifinsa, Madugu Abdullahi, jagoran ayari ne. Mahaifiyarsa, wadda ake kira Amarya, ita ma 'yar kasuwa ce. Alhassan bai kai shekara goma ba mahaifinsa ya rasu. Mahaifiyar ta koma Akra, a ƙasar da ake kira Gana yanzu, ta bar 'ya'yan a hannun wata tsohuwa mai suna Tata. Daga sunan wannan baiwar Allah ya samu laƙabin Ɗantata.

Ya yi karatun allo a Bebeji, yana karatu yana neman na kansa. Tun a lokacin ya sayi asusu, ya saba wa kansa ajiye wani abu daga duk abin da ya samu. Yana ɗan shekara goma sha biyar ko kusa da haka ya bi ayarin fatake zuwa Gwanja don ya ga mahaifiyarsa. Tafiya ce ta watanni, a ƙafa, tare da jakuna, daga wannan zango zuwa wancan. Fatake kan ɗauki tufafin Kano rinannu da kayan fata da kanwa, su dawo da goro. Wato a wancan zamani mu ne muke kai wa wasu ƙasashe tufafi. A wannan tafiya ya koyi hanya da ciniki da yadda ake zama da baƙin mutane.

Bayan ya dawo gida sai yaƙin Basasa ya ɓarke a Kano a 1893, tsakanin Sarki Tukur da Yusufawa. Agalawan Bebeji sun goyi bayan Tukur, kuma ɓangarensa aka ci da yaƙi. Aka kama Alhassan da 'yan'uwansa cikin bayi, sai daga baya suka fanshi kansu. Saurayin da ya tashi maraya ya sake komawa farko. Bai zauna jiran tausayin kowa ba, ya koma kan fatauci.

Abin da ya bambanta shi da sauran fatake shi ne yadda ya duba hanya. Yawancinsu sun tsaya a kan tsohuwar hanyar ƙasa da suka gada. Shi kuwa ya bi ta Badun zuwa Legas, kuma wajen 1906 ya fara amfani da jirgin ruwa tsakanin Legas da gaɓar Gana. Yana saro goro a Kumasi, yana kuma saro yadin Turawa da sarƙoƙi da duwatsun ado, ya kawo Kano ya sayar. Kaya iri ɗaya ne da na kowa, amma nasa sun fi saurin isowa, don haka jarinsa ya fi saurin juyawa. Da layin dogo ya iso Kano a 1911, tafiyar ta ƙara gajarcewa.

Jirgin ƙasa ya kawo wata kasuwar kuma, wato gyaɗa, amfanin gonar da kakanninmu suka sani sarai. Kamfanonin Turawa na bukatar 'yan ƙasa masu jari da amana waɗanda manoma suka yarda da su. A 1918 kamfanin Neja ya ɗauki Ɗantata dillalin sayen gyaɗa. Jarin da ya tara a goro da yadi shi ya ba shi damar shiga da ƙarfi. A 1929, da aka buɗe reshen banki a Kano, ya kai ajiyar kuɗin azurfa lodin raƙuma 20. Yaron asusu ke nan.

Ya rasu a Kano ranar 17 ga Agusta, 1955, a lokacin ana lissafa shi cikin mafiya arziki a Afirka ta Yamma. Kafin rasuwarsa ya tara 'ya'yansa ya hore su da su haɗa kai, kada su wargaza kasuwancin. Daga cikinsu akwai Sanusi da Aminu, kuma Aliko Ɗangote jikan Sanusi ne.

Me muka tsinta a wannan tarihi? Na farko, jari ba ya faɗowa daga sama. Da yayyafi kogi kan cika. Wanda ba ya iya ajiye wani abu daga kuɗin tara, ko an ba shi miliyan ba zai riƙe ba. Na biyu, Ɗantata ya san hanya kafin ya zuba kuɗinsa a kanta. Mai son shigo da tufafi yau dole ya iya lissafin canjin dala, da kuɗin jigila, da harajin kwastam, kafin ya yanke farashi, in ba haka ba zai sayar da kaya ya ga uwar kuɗi ta ragu. Wannan lissafi kuwa a aji ake fara koyonsa. Na uku, ba da jirgin ruwa ya fara ba, da bin ayari ya fara. Wanda ya yi yaron shago a Kwari, ko ya saro turmi biyar ya sayar a kasuwar garinsu ranar da take ci, ya san launin da mata ke so da wanda ke kwantai, ya fi wanda ya tafi Dubai ido rufe.

Ga hutu na tafe. Shawararmu ita ce kowa ya nemi asusu, ya kuma nemi wani ɗan kasuwa a unguwarsu ya zauna a gefensa ya koya. Allah ya jiƙan Alhaji Alhassan Ɗantata, ya sa wa nemanmu albarka, amin.