Diori Hamani: malamin da ya tara ƙasashe masu magana da Faransanci a Yamai

A yau birnin Kinshasa ya zarce Paris yawan jama'a a cikin biranen da Faransanci ne harshen hukuma, kuma akasarin masu amfani da harshen yau da kullum a Afirka suke. To amma a Yamai aka aza harsashin ƙungiyar da ta haɗa waɗannan ƙasashe, a ƙarƙashin shugaban Nijar na farko, Diori Hamani.

An haifi Diori ne a shekarar 1916 a ƙauyen Soudouré da ke kusa da Yamai. Ya yi karatun malanta a makarantar William Ponty ta ƙasar Senegal, sannan ya dawo gida ya kama koyarwa. Daga baya ya tafi Paris, inda ya koyar da Hausa da Zabarmanci ga Faransawan da ake shiryawa domin aikin mulkin mallaka.

A 1946 yana cikin waɗanda suka kafa jam'iyyar PPN, kuma a shekarar aka zaɓe shi ɗan majalisar dokokin Faransa. A ƙuri'ar raba gardama ta 1958 ya goyi bayan ci gaba da zama tare da Faransa, saɓanin abokin hamayyarsa Djibo Bakary na Sawaba. Shi ya karɓi 'yancin kan Nijar ranar 3 ga Agustan 1960.

Tare da Leopold Senghor na Senegal da Habib Bourguiba na Tunisiya, Diori ya yi ta fafutukar ganin an kafa ƙungiyar masu magana da Faransanci. Ranar 20 ga Maris 1970 ƙasashe 21 suka rattaba hannu a Yamai, bayan an sha taƙaddama tsakanin Faransa da Kanada kan matsayin lardin Quebec. Hukumar da aka kafa a ranar ita ce ta rikiɗe ta zama Francophonie.

Duk da haka, ba ɗan amshin shatan Paris ba ne kamar yadda masu sukarsa ke cewa. A yaƙin basasar Najeriya ya tsaya bayan gwamnatin tarayya alhali Faransa na taimakon Biyafara, kuma ya nemi a ƙara wa Nijar farashin yuraniyom.

A cikin gida kuwa, mulkinsa na jam'iyya ɗaya ne. An haramta Sawaba, an kuma murƙushe 'ya'yanta. Fari da yunwar farkon shekarun 1970, da zargin karkatar da abincin agaji, suka raunana shi. Ranar 15 ga Afrilun 1974 Laftanar Kanar Seyni Kountche ya hamɓarar da shi, aka kashe matarsa Aissa a daren.

Bai samu cikakken 'yanci ba sai 1987, bayan rasuwar Kountche. Ya rasu a Rabat ta ƙasar Maroko ranar 23 ga Afrilun 1989.

A watan Maris 2025 gwamnatin sojan Nijar ta sanar da ficewa daga Francophonie, kuma ba da jimawa ba ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa.