Robert Hooke, Hadimin Masana Da Ya Gano Ƙa'idar Murɗaɗɗiyar Waya

An haifi Robert Hooke a shekarar 1635 a ƙauyen Freshwater da ke tsibirin Wight na ƙasar Ingila. Yana ɗan shekara 13 mahaifinsa, wanda limamin coci ne, ya rasu. A jami'ar Oxford ya zama hadimin masani Robert Boyle, ya ƙera masa famfon zuƙe iska. A 1662 ƙungiyar masana ta Royal Society ta ɗora masa nauyin shirya gwaje-gwajen da ake nunawa a zamanta, kuma bayan gobarar Landan ta 1666 ya shiga sahun masu awon filayen birnin domin sake gina shi.

Abin da ya fi ɗaukaka sunansa shi ne ƙa'idar murɗaɗɗiyar waya: gwargwadon nauyin da aka rataya mata, gwargwadon miƙewarta. Idan kilo 1 ya miƙar da ita santimita 2, kilo 2 zai miƙar da ita santimita 4. Idan nauyin ya natsu, aka ja shi ƙasa santimita 5 aka saki, zai yi ta lilo sama da ƙasa, kuma iyakar tazararsa daga mazauninsa ita ce santimita 5 ɗin nan. Gogayyar iska tana rage tazarar sannu a hankali, amma lokacin kowane zuwa da dawowa yana nan yadda yake. Wannan ne ya sa wayar ta dace da riƙe lokaci a agogon aljihu. Da ƙa'idar ne kuma sikelin rataya ke aiki, haka ma sifirin na motocin da ke ɗauko dankali daga Bokkos zuwa Jos.

Sai dai Hooke mutum ne mai ɓoye bincikensa. A 1675 Christiaan Huygens na ƙasar Holan ya bayyana agogo mai irin wannan waya. Hooke ya dage cewa ya riga shi da shekaru, amma ba shi da bugaggen rubutun da zai kafa hujja da shi. A 1676 ya buga ƙa'idar cikin hargitsattsun haruffan Latin, bai warware su ba sai 1678. Daga baya ya yi irin wannan jayayya da Isaac Newton kan ƙarfin da ke riƙe taurari a falakinsu.

Ya rasu a Landan a watan Maris na 1703. Ƙa'idar tana ɗauke da sunansa har yau, domin ita ya rubuta ya buga. Agogon kuwa, akasarin littattafai Huygens suke jingina wa.